Amsa ga ɗan'uwan da ke son shiga kwazazzaban Utah ba igiya

Salamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce ku huɗu za ku je kudancin jihar Utah ta Amurka hutun nan, kuna son shiga kwazazzaban nan masu matsi da ƙafa amma ba ku da igiya ba ku da kayan sauka, wai zai yiwu? Wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar ni na rubuta ta shekara uku da suka wuce, mu ma mu huɗu ne. Na ga wani ya ce maka ku je kawai ba komai, wani kuma ya ce ku zauna gida wa ya aike ku. Duk cikinsu ba wanda ya taimake ka. Zai yiwu, akwai wurare da dama da ba sa buƙatar igiya, amma ka yi haƙuri ka ji abin da ya same ni tukuna.

Mu a Oktoba muka je. Ranar farko muka yi kwazazzabon Little Wild Horse, nan kusa da gandun Goblin Valley, ka shiga ta cikinsa ka zagayo ka fito ta kwazazzabon Bell, wajen mil 8 gaba ɗaya. Lafiya lau muka gama, har yara ƙanana muka gani da iyayensu. Bango ja ya miƙe sama dama da hagu, wani wurin sai ka sauke jaka ka karkace kafin ka wuce, muna ta hoto muna ta dariya. To wannan sauƙin shi ya ruɗe mu, muka ɗauka duk haka suke.

Washegari sai wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa in yana karantawa, ya ce gaba kaɗan a kan hanyar nan akwai wasu guda biyu, Ding da Dang, ana hawa ta ɗaya a sauko ta ɗayan. Ya ce ya taɓa yi, wai wasan yara ne. Na tambaye shi har sau biyu, ka tabbata ba a buƙatar igiya? Ya ce haba malam, kai dai ka cika tsoro. Daga baya ne muka gano ko sau ɗaya bai taɓa taka wurin ba, a YouTube ya kalla. Kuma shi ya ɓata mana lokaci da safe yana barci, sai bayan azahar muka shiga, ga rana a Oktoba ba ta daɗewa.

Hawan Ding bai ba mu wahala sosai ba, ɗan ruwa ne nan da can. Muka zagaya ta baya muka fara gangarowa ta Dang. Nan muka iske wani ƙaton dutse ya maƙale tsakanin bango biyu, ƙarƙashinsa gangare ne da ya ɗan fi tsayin mutum. Mutumin namu ya zauna ya sulale ya dira, ya ce kun gani? Muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe, da na dira sai na juya na kalli inda muka sauko, dutsen sumul kamar cikin turmi, ruwa ya goge shi tas, babu inda za ka sa yatsa balle ƙafa. A nan jikina ya ba ni cewa mun rufe wa kanmu ƙofa, amma na yi shiru don kar a sake cewa na cika tsoro. Wannan shirun har yau ina jin haushin kaina a kansa.

Na gaba ya fi na farko zurfi, kuma a ƙasa ruwa ne kwance, jaja-jaja, ba ka ganin gindinsa. Ƙaramin cikinmu, yaro ne ɗan digiri na farko, bai fi wata shida da zuwa ƙasar ba, ya ce bari ya yi tsalle tunda ruwa ne. Kafin in buɗe baki ya tafi. Ashe akwai dutse a ƙarƙashin ruwan. Ƙarar da ya yi, ɗan'uwa, a cikin matsin nan ta dinga dawowa, ban taɓa jin irinta ba. Muka lallaɓa muka sauka wurinsa, ruwan ya kawo min ƙugu, sanyi kamar an narkar da ƙanƙara, muka ja shi zuwa kan wani ɗan tudun yashi. Idon sawunsa kafin minti goma ya kumbura ya cika takalmin. Gaba kuma akwai wani gangaren. Baya ba hawa, gaba ba sauka da mai targaɗe.

Sai jagoran namu ya ce bari ya je gaba ya dubo hanya, yanzu zai dawo. Makullin mota na aljihunsa, tocila ɗaya tak da muka zo da ita tana jakarsa. Ya tafi.

Ban san yadda zan kwatanta maka zaman nan ba. Ka ɗaga kai sama ba ka ganin komai sai wani siririn tsagi na sararin sama, shi ma yana ta dusashewa. Waya ba sabis ko ɗigo, na ɗaga ta sama kamar mahaukaci. Wandon jins ne a jikina, ya jiƙe ya manne, haƙorana suna haɗuwa, yaron nan yana rawar ɗari yana cewa yaya ku yafe min ni na jawo, ni kuma ina ce masa yi shiru ba kai ba ne. Muka cire rigunanmu na sama muka lulluɓa masa. Muka yi la'asar a nan, shi a zaune, alƙibla ma kintata muka yi. Muka yi ta kiran sunan wancan, ba amsa sai muryarmu. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne babu mahaluƙin da ya san inda muke. Abokin ɗakina na ce masa za mu Utah, shi ke nan, Utah fa, jiha guda. Hajiyata a Gombe tana can ta ɗauka ina laburare. Sai labarin Aron Ralston ya faɗo min, wanda dutse ya danne wa hannu a kwazazzabon Bluejohn a Afrilun 2003, ya kwana biyar a wurin har sai da ya yanke hannun da kansa, shi ma don bai gaya wa kowa inda za shi ba, kuma wurin ba wani nisa ne da inda muke zaune ba. Na yi ta ƙoƙarin kore tunanin yana dawowa. Na yi salati na yi istigfari, na tuna bashin da ake bina, har dala ashirin ɗin wani da na manta ban biya ba sai da ta faɗo min.

Dab da magariba muka ji motsi daga sama. Wani dattijon Bature ne da matarsa, duk sun manyanta, furfura fal, kowa da fitila a goshi. Allah ya saka musu. Matar ta naɗe wa yaron ƙafa da bandeji, mijin ya ciro wata 'yar igiya mai faɗi daga jaka, ba ta sauka ba ce, ta riƙewa ce kawai, ya nuna mana yadda ake jingina baya da bango ɗaya a tokare ƙafa da ɗayan a dinga zamewa a hankali. Haka muka dinga miƙa yaron nan hannu da hannu kamar buhu. Ba su yi mana faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan, tambaya ɗaya dattijon ya yi, wa ya san kuna nan? Muka yi tsuru-tsuru.

Sai bayan isha muka iso mota. Ka san me muka tarar? Mutumin nan a zaune ya kunna hita, ya kwantar da kujera, ya buɗe kilishin da aka aiko min daga gida yana ci. Wai ai ya san za mu fito. Wai ya so ya nemi sabis ne ya kira taimako, to me ya hana ka tuƙa motar zuwa inda akwai sabis, ko ka je wurin ma'aikatan Goblin Valley da ke nan kusa? Ba amsa. Ko sannu bai ce wa yaron ba sai da na yi magana. Bayan kwana biyu ya ɗora bidiyon hawan Ding a Instagram da waƙa a kai, ya yanke duk inda muke. Na yafe masa don Allah, muna gaisawa a masallaci, amma ko kasuwa ba zan ƙara bin sa ba. Kuɗin man da ya ce zai turo ma har yau shiru, ba don kuɗin ba, a'a, hali ne dai.

To ka ga inda matsalar take ga wanda ba shi da igiya. Ba babban rami ne zai kama ka ba, wannan kana gani za ka juya. Ɗan ƙaramin nan ne da za ka ce ai wannan tsalle ɗaya ne. Duk inda za ku sauka, mutum ɗaya ya fara sauka ya gwada hawowa a gabanku, in ya kasa ku jawo shi ku koma, ko da kun yi tafiyar awa uku. Shi ya sa ni yanzu na fi son in shiga daga ƙasa in yi sama, duk inda ya gagare ni in juyo ta inda na zo. Kuma kar wanda ya yi tsalle cikin ruwan da ba ya ganin ƙasansa, a sa sanda a taɓa.

Sannan ruwan sama, wannan ko kana da igiya ba ruwansa. Mutum bakwai da suka mutu a kwazazzabon Keyhole cikin gandun Zion na Utah a Satumbar 2015 da kayan saukarsu suka shiga. A Antelope ta Arizona, Agustan 1997, mutum 11 ambaliya ta tafi da su, alhali hadarin can nesa ya zubar. Har Little Wild Horse ɗin da na ce maka mai sauƙi ne, a Mayun 2020 ruwa ya ci yara mata biyu 'yan gida ɗaya a ciki. Mu da muka tashi a Gombe mun san wannan, kwari a bushe ƙayau, an yi ruwa a wani gari, kafin ka ankara ya ciko ya tafi da akuya da mai akuya. To nan ya fi muni don babu gefen da za ka haye. In kun shiga ku ɗaga kai, za ku ga gungumen itace a maƙale can sama tsakanin bango, ruwa ne ya kai shi wurin. Daga Yuli zuwa Satumba ne lokacin hadarinsu. Hukumar yanayi tana fitar da hasashen ambaliya na wuraren nan kullum, ku duba da safen ranar, ba na jiya ba, in an ce akwai yiwuwa ku je ku kalli duwatsun Goblin Valley ku sha shayi. In kuna ciki kuka ga ruwa ya fara gurɓacewa yana kawo ganye da ƙirare, ko kuka ji ruri kamar tirela na tahowa, ku yar da jaka ku nemi tudu, ba a tsere masa da gudu.

In ni ne ku, Narrows ta Zion zan fara. Bas ɗin cikin gandun zai sauke ku a Temple of Sinawava, ku taka mil ɗaya a kan siminti, daga nan sai cikin kogin Virgin, ku yi ta sama har inda kuka gaji ku juyo. Ba a neman takardar izini in daga ƙasa kuka shiga, matuƙar ba ku wuce Big Spring ba. Wanda ake farowa daga sama, mil 16, shi ne mai izini, ku bar shi tukuna. In ƙarfin kogin ya haura 150 a ma'auninsu na gudun ruwa rufe wurin suke yi, musamman lokacin da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa, don haka ku duba kafin ku ƙona mai. A Springdale, garin da ke bakin gandun, ana ba da hayar takalmin ruwa da safa mai riƙe ɗumi da sanda, ku biya kawai, duwatsun ƙasan kogin santsi gare su kamar an shafa musu karkashi. Wani abu kuma da ba za ka ji a bidiyo ba, tun 2020 ake gargaɗi kan wata gansakuka mai guba a kogin, an ce kar a sha kar a nutsa kai, to ka ga kurkure baki da shaƙa ruwa bai taso ba, ku riƙo ruwan alwalarku a gora.

Spooky da Peek-a-boo na wajen Escalante ma ana yin su ba igiya, amma bakin Peek-a-boo hawa ne na wajen ƙafa 12, Spooky kuma akwai inda ya matse har mai tumbi ba zai wuce ba, ban san jikinku ba, kowa dai ya auna kansa. Hanyar zuwa can ma ta ƙasa ce mai gargada, ku karanta takardar hayar motarku da kyau.

Kar ku sa jins don Allah. Kowa da fitilarsa, ba ɗaya ta gayya ba. Ku sauke taswira a waya tun kuna da intanet. Ku shiga da sassafe. Ku rubuta wa wani sunan kwazazzabon da inda kuka ajiye mota da ƙarfe nawa zai kira 911, lambar agajin gaggawa, in bai ji ku ba. Makulli kuma a ɓoye shi kusa da mota inda kowa ya gani, kar ya zauna a aljihun mutum ɗaya, ni na san dalilin da ya sa na faɗi haka. Abinci ma ku yi guzuri daga gida, a ƙananan garuruwan nan irin Hanksville in kana kiyaye abin da kake ci sai dai ka ƙare a ƙwai da dankali.

Yaron nan ya warke alhamdulillah, ya yi sati shida da takalmin asibiti, yanzu har ƙwallo yake bugawa, sai dai ya ce in sanyi ya shigo yana jin wurin. Mahaifiyarsa har yau ta ɗauka a matattakalar makaranta ya zame.

Ka faɗo min watan da za ku je da irin motar da za ku ɗauka. In hanyarku ta biyo ta Denver ka yi min magana ta akwatin saƙo, sanduna biyu da fitilar goshi suna nan a bayan ƙofa ba abin da suke yi, ku karɓa ku dawo min da su.