Amsa: Shin Richard Mai Zuciyar Zaki ya amfani Ingila kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Sarki Richard na Ɗaya ya cancanci yabon da Turawa ke yi masa. A fagen yaƙi, babu shakka jarumi ne. Amma a wajen riƙon ƙasa, ni ban yarda ba.

Ya hau mulki a 1189, ya rasu a 1199, amma a cikin shekaru goman nan zamansa a Ingila bai wuce kusan wata shida ba. Hankalinsa yana kan ƙasashensa na Faransa da yaƙin ƙwato Ƙudus daga hannun Salahuddin. Don ya tara kuɗin tafiya, har muƙamai ya riƙa sayarwa. A 1191 ya ci birnin Akka, sannan ya sa aka kashe fursunoni Musulmi kimanin 2,700 bayan an samu jinkiri wajen cika sharuɗɗan sulhu. Wannan ta'asa ce, ko da wane ma'auni za a auna ta. Ƙudus kuma bai same ta ba. A 1192 shi da Salahuddin suka yi yarjejeniya: birnin ya zauna a hannun Musulmi, Kiristoci masu ziyara kuma a bar su su shiga.

A hanyar komawa gida Leopold na Ostiriya ya kama shi, ya miƙa shi ga Sarki Henry na Shida na Jamus. Kuɗin fansarsa ya kai mark 150,000 na azurfa (mark ma'aunin nauyi ne na wancan zamani), aka ɗora wa mutanen Ingila harajin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke samu. Kibiya ce ta yi ajalinsa a Châlus, can Faransa aka binne shi.