Tambaya da amsa: sikelinmu ya ƙi haɗuwa da sabuwar kwamfuta

Tambaya: Salamu alaikum malam, da fatan kana lafiya. Ni nake kula da kwamfuta a wani sito da ake sayen riɗi da zoɓo a wajen Maigatari, muna da sikelin lantarki da yake turo nauyin buhu kai tsaye cikin kwamfuta ta wata manhaja HyperTerminal, to tsohuwar kwamfutar mai Windows XP ta mutu, maigida ya sayo laftof mai Windows 11, na duba ko'ina babu manhajar, kai ko ramin da ake soka wayar sikelin ma babu a jikinta. Yanzu da biro muke rubutawa ga kaka ta kama. Dan Allah mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka kwantar da hankalinka, sikelinku lafiyarsa ƙalau, kuma dan Allah kar wani ya ce wa maigida sai an sayi sabo.

HyperTerminal dama ba ta Microsoft ba ce, wani kamfani ne a Amurka mai suna Hilgraeve ya yi ta, aka riƙa saka ta cikin Windows tun daga Windows 95 har XP, da Vista ta fito aka cire ta, shi ya sa ko ka kwana kana nema ba za ka gan ta ba. In hadis ɗin tsohuwar kwamfutar, wato ma'ajiyar fayilolinta (hard disk), bai ƙone ba a kai wa mai gyara ya ciro shi, fayil biyu kawai kake buƙata: hypertrm.exe da yake cikin Program Files a folda Windows NT, sai hypertrm.dll da yake cikin System32. Ka zuba su a folda ɗaya a laftof ɗin ka danna, yawanci tana tashi. Ka duba kuma ko akwai ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ht, shi ne yake riƙe da saitin da wanda ya haɗa muku sikelin ya yi tun farko, wannan ya fi manhajar kanta daraja a wajena.

Amma in shawarata kake so, ka bar ta ta huta. Akwai PuTTY akwai Tera Term, manhajoji ne masu yin irin aikinta, duk kyauta ne kuma har yanzu ana sabunta su, ba su da nauyi, ko da netiwok ɗin ƙauye za ka sauke. Abin da ba na so shi ne ka shiga intanet kana neman HyperTerminal a shafukan da ba ka sani ba, nan ake kwaso bairos, kuma kwamfutar da ake lissafin kuɗin manoma a kanta ba wajen gwaji ba ce.

To yanzu ga inda aikin yake, wato waya. Wancan rami mai ƙusoshi 9 shi ake kira siriyal, sababbin laftof ba sa zuwa da shi, sai ka sayi wayar da kai ɗaya USB ne ɗaya kan kuma siriyal. A Kano za ka samu, ko ka ba direban da yake zuwa birni sautu, amma ka rubuta masa a takarda a nemo mai FTDI ko CH340 a ciki, wato sunan 'yar na'urar (chip) da take cikin wayar. Dalili kuwa da yawa daga masu araha suna ɗauke da tsohon Prolific PL2303 ko jabunsa, sabuwar Windows kuma ba ta karɓarsu, za ka soka ka ga shiru ko ta rubuta maka Code 10, ka yi ta zargin manhaja alhali wayar ce. In ka soka, ka buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Ports, za ka ga an rubuta COM3 ko COM4 ko wata lamba, ka riƙe ta. In ka ga alamar ɗorawa mai motsin rai a gefe to direba ce, wato 'yar manhajar da take sa Windows ta gane wayar, ba ta hau ba.

Kafin ka haɗa da sikelin ka gwada wayar ita kaɗai. Ka buɗe PuTTY ka zaɓi Serial, ka rubuta lambar COM ɗin, sai ka samu ɗan guntun ƙarfe ka haɗa ƙusa ta 2 da ta 3, in ka ƙura ido za ka ga lambobin ƙanana a jikin robar. Ka danna haruffa, in suna fitowa a baƙin allon PuTTY, to wayarka lafiya lau, in ka cire ƙarfen kuma su daina.

Sai saiti. Galibin na'urori 9600 ne gudunsu, data 8, parity None, stop 1, flow control kuma ka mai da shi None don shi yake yawan hana komai fitowa. In ka ɗora buhu ka ga wasu alamomi marasa ma'ana suna zubowa kar ka tsorata, ai albishir ne, haɗuwa ta yi gudun ne bai daidaita ba, sai ka gwada 2400, 4800, 19200 ɗaya bayan ɗaya, wasu sikelin kuma data 7 da parity Even suke so. In shiru ne gaba ɗaya bayan wayar ta ci gwaji, to ka yi amfani da ainihin tsohuwar wayar sikelin ka jona ta da sabuwar, domin akwai wadda ƙusa ta 2 da ta 3 a harɗe suke a ciki akwai miƙaƙƙiya, a ido iri ɗaya ne. Ranar da ya yi, ka rubuta saitin a takarda ka manna a bayan sikelin, kuma ka riƙa soka wayar a rami ɗaya kullum don lambar COM kan canza.

Tambaya: Malam ni kuma daga Ɓagwai, manhajar injinmu ta zamanin DOS ce, na gwada Compatibility duk ta ƙi.

Amsa: Ba za ta yi ba malam, manhajarka mai bit 16 ce, Windows mai bit 64 ba ta tada irinta, Windows 11 kuwa 64 kaɗai take zuwa. Ka saka DOSBox, manhajar da take kwaikwayon DOS, ka buɗe ta a ciki, akwai layi a fayil ɗin saitinsa da ake nuna masa COM ɗin gaske. In ta ƙi, ka nemi tsohuwar kwamfuta ta hannu ka ware ta don injin kawai, amma kar ta taɓa intanet, tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina ba XP kariya.