Amsa ga ƙaninmu mai son yin zanen tatu a dantse

Ƙanina, ka ce kana son a zana maka sunan mahaifiyarka a dantse, kana tambaya ko akwai illa ga lafiya. Hukuncin addini na bar wa malamai. Ni aikin jinya nake yi, abin da nake gani a ɗakin wankin ciwo zan faɗa maka.

Kowa allura yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Allurar da aka tsira wa wani tana iya ɗauko maka ciwon hanta nau'in B ko C, har da ƙanjamau. Ƙwayar nau'in B takan yi kwana 7 a raye a busasshen jini, binciken ƙasa na 2018 kuma ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, galibinsu ba su sani ba. Ko da an ɓare sabuwar allura a gabanka, in kofin tawadar da aka tsoma wa na gabanka ne, ba ka tsira ba.

Amma abin da ya fi kawo mana mutane shi ne fatar kanta. Mu baƙar fata jikinmu ya fi saurin yin tabo mai tudu, mai ƙaiƙayi, wanda yake ci gaba da girma har ya wuce inda aka ji ciwon. Na wanke wa wani saurayi ƙirji, zanen ya nutse cikin tudun nama, an yanke ya dawo ya fi na da. Duba jikinka: in hujin kunne, kaciya, tsagar wanzami ko ƙurjin aski ya taɓa bar maka tudu, ko akwai mai irinsa a gidanku, don Allah ka haƙura. Ƙirji, kafaɗa da dantse nan ya fi tashi.

Tawadar ma ba a wurin take zama ba, wani ɓangare yana tafiya cikin kaluluwa. Jar tawada ta fi jawo borin fata, wani lokaci bayan shekaru. Tun Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. Wadda ake sayarwa a nan, wa ya duba ta?

Gogewa da hasken leza kuwa sai an yi ta komawa, ga tsada, kuma a fatarmu yakan bar fari-fari.

In ka riga ka yi, ka ga mugunya, ja yana yaɗuwa ko zazzaɓi, ka tafi asibiti a ranar. Ka kuma yi gwajin ciwon hanta, in babu, ka karɓi rigakafin nau'in B, allura 3 ce.