Ɗana Ya Kamu Da Ciwon Sukari, Yaya Zan Taimaka Masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 21, ɗalibin jami'a, ya rame cikin 'yan makonni, ga yawan fitsari da ƙishirwa. Likita ya ce ciwon sukari ne nau'i na ɗaya, kuma zai riƙa yin allurar insulin har iya rayuwarsa. Tun daga nan ya daina walwala, yana fushi idan na tambaye shi abin da ya ci, dangi kuma suna ta kawo jiƙe-jiƙe suna cewa ya bar allurar. Me ya kamata in yi?
Wata uwa daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Da farko, kada a daina allurar nan ko na kwana ɗaya. A wannan nau'in, jiki ne ya daina samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ba yawan shan zaƙi ko sakacinki ya jawo shi ba, kuma babu saiwa ko sassaƙen da zai maye gurbinta. Kafin a gano insulin a Kanada a shekarar 1921, masu wannan ciwo ba sa daɗewa a duniya, amma a yau suna karatu, suna aure, suna haihuwa. Ki yi wa dangi godiya, sannan ki faɗa musu haka ƙarara.

Fushin da yake yi kuwa na saurayi ne da ya wayi gari ana sa masa ido kamar ƙaramin yaro. Ciwon a jikinsa yake, shi zai zauna da shi a makaranta inda ba kya nan, don haka ki bar masa ragamar gwaji da allura, ki tambaye shi irin taimakon da yake so. Maimakon a ware masa kwano, gara gidan duka ya rage sukari a kunu da shayi, a ƙara ganye da wake, a daidaita yawan tuwo da shinkafa.

Abin da ya wajaba ki koya shi ne alamar faɗuwar sukari: karkarwa, gumi, jiri da rikicewar magana. Idan na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Haka ma idan yana amai da ciwon ciki sukarin kuma ya hau. Ya kamata abokin ɗakinsa ma ya san wannan.

Zafi yana lalata insulin, daskarewa ma haka. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar cikin mazubi mai murfi a ajiye a randa mai sanyi. Batun azumi kuma, ya je wurin likitansa tun kafin watan Ramadan ya kama, domin ga mai wannan nau'in hatsarin yana da girma, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.