Numfashina Na Saurin Ƙarewa a Fili

Tambaya: Salam Malam, daga Agege nake, ina buga ƙwallo duk Lahadi, gudun farko ba mai kamo ni amma minti 20 sai haki, ƙafa ta yi nauyi. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Gudun farkon nan ɗan ajiyar ƙarfin da ke cikin tsoka kake ci, kusan daƙiƙa 10 ya ƙare, sai jiki ya koma ƙona suga da sauri, shi ma ba ya jimawa. Mai riƙe ka minti 90 zuciya ce da huhu, kuma gaskiya wasan Lahadi kaɗai ba zai gina su ba. Ka riƙa sassarfa minti 30 sau 3 a sati da asuba kafin zafin Legas ya taso, a hankali yadda za ka iya hira kana gudu.