Amsa ga ɗan'uwan da akushinsa ke fitowa da kaushi a kan injin juya katako

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi ƙaramin injin juya katako, ka gwada fitar da akushi daga katakon fain (pine) da na malaina, amma kullum wuri biyu na fitowa da kaushi kamar an yage su, samfefa ta ƙi gyarawa, kuma kana tambayar man da za ka shafa. Na sha wannan wahalar a shekarata ta farko, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Mutane na ɗauka katako mai laushi shi ne na koyo. Wajen yanka yana da sauƙi, amma ba ya rufa wa dakusasshen kurfi asiri ko kaɗan. Kirya ko marke, saboda taurinsu, jijiyoyinsu na tsayawa a yanke su. Na fain kuwa lanƙwashewa suke yi, sai kurfin ya tumɓuke su, ya bar ƙananan ramuka. Wuri biyun nan da kake gani su ne inda kan jijiyar katakon ke fuskantar bakin kurfi, kuma a kowane zagaye sau biyu ake haɗuwa da su. Saboda haka gyaran yana wajen washi. Ni ina wasa kurfina kafin in fara, in sake a tsakiyar aiki, sannan dole in sake kafin yankan ƙarshe. Duba abin da ke zuba a gabanka: idan dogayen ɓawo ne masu nannaɗewa, kana yanka, idan gari ne kamar dusa, kankara kake yi, tsaya ka koma dutsen washi.

Sai inda kake bi da kurfin. A bayan akushi ka taso daga gindi zuwa leɓe, a ciki kuma ka gangara daga leɓe zuwa tsakiya. Ta haka kowace jijiya tana da wata a bayanta da ke tokare ta. Bar gadon bayan bakin kurfin ya kwanta a jikin katako yana shafarsa, kada ka caka tsinin. Yankan ƙarshe ya zama siriri, kana tafiya a hankali. In kaushin ya nace, shafa ɗan shelak (wani irin man shafe katako mai saurin bushewa) a wurin, ya bushe, jijiyoyin su yi ƙarfi, ka sake bi. Kuma kurfin akushi mai kauri da zurfin kwari za ka yi amfani da shi. Faffaɗan nan da ake fere ƙafar tebur da shi kada ya kusanci akushi, wuyansa siriri ne, yana iya karyewa a hannunka.

Gudun inji: ka ninka faɗin akushin a inci da yawan zagaye a minti, lissafin ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 8 ke nan zagaye 750 zuwa 1,125. Gungumen da bai daidaita ba ka fara shi ƙasa da haka, kuma ka tsaya gefe lokacin kunnawa. Sa garkuwar fuska, naɗe hannun riga, babbar riga kam ka cire ta.

Malaina takan zo da ruwa a jiki, kuma tana jinkirin bushewa. Ka fara fitar da akushin ka bar bangonsa da kauri, kamar kashi 1 cikin 10 na faɗinsa, ka tabbata cibiyar itacen ba ta cikin akushin, domin daga nan tsagewa ke farawa. Na taɓa barin guda huɗu a fili cikin hunturu, kafin mako uku sun dare, har yanzu ina tuna ɓacin ran. Tun daga nan nake cusa su a jakar takarda tare da ɓawonsu, in ajiye a inuwa wata uku ko fiye, sannan in mayar kan inji in ƙarasa. Idan kuma fain ɗinka daga katakon ɗora kaya ka samo, bincika ƙusa, ka duba tambari: HT zafi aka yi masa, MB kuwa feshin guba ne, ba na abinci ba.

Samfefa ka fara da mai kaushi, lamba 120, sai masu laushi, 180, 240, 320, kada ka tsallake. Rage gudun inji, kada ka danna, domin fain yana da layi mai tauri da mai laushi, in ka matsa sai jikin ya yi tudu da kwari. Ƙaron fain na toshe samfefa, ka riƙa canzawa.

Batun mai, in za a ci tuwo a ciki, nemi farin man farafin na kantin magani, ka narka shi da kakin zuma, kashi 4 na mai, 1 na kaki. Man gyaɗa yana yin wari bayan ɗan lokaci, na daina sa shi. Wuraren nan biyu za su sha mai fiye da ko'ina, ka ƙara musu har su ƙoshi. Idan inji na juyawa, da takarda za ka goge, tsumma na iya naɗe maka yatsa.

Ɗauko hoton bakin kurfinka ta gefe da na ɓawon da yake fitarwa ka turo, in ga yadda kake wasa shi.