Labarin Shennong ba lasisin ɗanɗana saiwa ba ne

Ɗana, ka ce ka ji labarin wani sarki a ƙasar Sin da ya gano magunguna ta hanyar ɗanɗana tsirrai da bakinsa, kana tambaya ko kai ma za ka riƙa yin haka in mun shiga daji. Labarin akwai shi, amma ban yarje maka ba, ko da wasa.

Sunan sarkin Shennong. Sinawa suna cewa shi ya koya wa mutane noma, sannan ya bi duwatsu yana tauna ganye da saiwoyi don ya raba mai amfani da mai kisa. Tsofaffin rubuce-rubucensu sun ce a yini guda ya gamu da guba 70. Wasu ma suna ƙarawa da cewa cikinsa garai yake, yana ganin yadda ganye ke aiki a hanjinsa, kuma shi ya fara gano shayi. Wannan duk almara ce. To amma ka ji yadda ta ƙare: ya ci wata ciyawa mai fure ruwan ɗorawa, ta tsinka masa hanji kafin ya kai ga makari. Su kansu masu labarin ba su ɓoye wannan ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne littafin da aka jingina masa, Shennong Bencao Jing, wanda aka tattara a zamanin daular Han, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Magani 365 ne a ciki, an kasa su uku. Na sama 120 ne, marasa cutarwa, ana iya daɗewa ana sha don ƙarfafa jiki, irin su saiwar da ake kira ginseng. Na tsakiya ma 120, ana amfani da su da lura. Na ƙasa 125, su ne masu ƙarfi, da yawansu guba ne, ana ba da su don korar cuta a tsaya da zarar ta tafi. Littafin ya ce mai guba a fara da ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, in bai yi ba a ƙara. Ka ga tun a wancan zamani awo suka sa a gaba. A cikin na ƙasan akwai wata saiwa da suke kira fuzi, wadda ɗanyenta ke tsayar da zuciya. Sai an daɗe ana dafa ta ake iya ba majinyaci. Mu ma a nan, wa zai ɗanɗana 'ya'yan zaƙami ko nonon tumfafiya don ya ga abin da za su yi masa? Iyayenmu sun riga sun gani, sun gaya mana.

Wadda ta fi burge ni ita ce Tu Youyou, matar da ta samu kyautar Nobel a 2015. Tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro sai ta karanta bayanin Ge Hong, wani masani na ƙarni na 4, cewa a jiƙa ganyen qinghao, ɗan uwan tazargade, a ruwa, a matse a sha. Bai ce a tafasa ba. Nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatso shi. Daga nan aka samu atemisinin da ke cikin ƙwayoyin maleriya da ake ba mu a asibiti yau. E, ta gwada a jikinta a 1972, amma bayan an gwada a dabbobi, kuma tana kwance a asibiti likitoci na duba ta.

Gobe ka zo da littafin rubutunka. Za mu bi buhunan magungunan nan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wanda ake jiƙawa da wanda ake dafawa, da awon babba da na yaro, da wanda ba a ba mai ciki.